Babi Na Shida: Gwamnatin Ƙofar Gida

A ƙauyen kakannina na wajen uwa akwai fanfon tuka-tuka guda ɗaya, a bakin hanyar kasuwa, daura da wata tsohuwar tsamiya. Wata shekara da bazara ya daina kawo ruwa. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce robar ciki ce ta cinye, sai kuma bututu biyu da suka yi tsatsa. Kuɗin aikin duka bai kai na akuya ba. Dattawa suka tashi mutum uku zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma. Zuwan farko aka ce ciyaman yana babban birnin jiha. Zuwa na biyu aka ce su rubuto takarda. Zuwa na uku aka ce takardar tana ofishin ayyuka, mai ofishin kuma ya tafi ta'aziyya. Fanfon nan ya kusa shekara a mace, mata da yara suka koma rijiyar fadama, ciwon ciki ya dawo gari.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin wannan shekarar mutanen ƙauyen suka sake rufin masallacin Juma'a, suka kewaye maƙabarta, kuma ba su nemi sisin kwabo daga kowa ba. Na tambayi kawuna dalili. Ya ce, "Ɗan nan, masallaci namu ne. Fanfo kuwa na gwamnati ne."

Wannan amsa ita ce jigon babin nan. Yaya aka yi hukumar da ta fi kowace kusa da ƙofar gidan mutum ta zama baƙuwa a wurinsa? Kuma me zai maido da ita hannunsa?

Zamanin En'e

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa ta san mulki mai hawa-hawa: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa, ga kuma sarakunan sana'a irin su sarkin fawa, sarkin kasuwa da sarkin maƙera. Da Turawan Ingila suka ci ƙasar a farkon ƙarni na 20, ba su da isassun ma'aikata, sai suka ɗora mulkinsu a kan wannan tsari, suka kira shi da sunan da bakin Bahaushe ya mayar En'e. Zuwa wajen 1911 an kakkafa baitulmali a manyan masarautu. Daga harajin da aka tara, wani kaso ya tafi wa gwamnatin Turawa, saura ya zauna a gida.

Da wannan saura En'e ta riƙe 'yan doka, kotunan alƙalai, gidan yari, makarantun elemantare, ɗakunan sha-ka-tafi, malaman gona da duba-gari. En'en Kano, wadda ta fi kowace kuɗi a Arewa, ta kai ga jawo ruwan fanfo daga Challawa da samar da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Tsofaffi har yau suna ba da labarin duba-gari, wanda zai shiga gida ya leƙa randa da tukunya, in ya ga ƙazanta mai gida ya sha tara.

Sai dai mai son gaskiya ba zai tsaya nan ba. En'e tana da aiki, tana kuma da bulala. An shanya magidanta a rana saboda haraji, an ƙwace amfanin gona, an sa mutane aikin tilas, Fulani sun yi ta ƙaura da shanu don gudun jangali. Talaka yana biya, amma ba shi da bakin tambaya. Wannan ne ya sa a watan Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, kuma a cikin watan nan ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da ba wanda zai kira shi ɗan tawaye, ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa En'e gyara. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatocin soja suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna.

Gyaran 1976 da abin da ya biyo baya

A 1976 gwamnatin soja ta yi gyaran da ya haifi ƙaramar hukuma kamar yadda muka san ta yau. Aka mayar da tsarin iri ɗaya a duk Najeriya, aka yanka ƙananan hukumomi 301, aka ce su ne mataki na uku na gwamnati, aka ware musu kaso daga kuɗin tarayya, sarakuna kuma aka mayar da su iyayen ƙasa masu ba da shawara. Daga baya aka yi ta ƙara yawansu, har gwamnatin Janar Sani Abacha ta kai su 774 a 1996. Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowacce, Zamfara 14.

A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP guda biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Talakawa suka yi murna, kuma sun yi gaskiya, domin an sauke musu kayan da suka daɗe suna ɗauka da hawaye. Amma wani abu ya faru a hankali wanda ba a lura da shi ba a lokacin. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. En'e ta ci ladan talaka, shi ya sa, duk da zaluncinta, ta san yawan magidantan kowane ƙauye, ta san shekarar da damina ta yi kyau da wadda fari ya yi, domin cikinta ya dogara da rumbun manomi. Sabuwar ƙaramar hukuma kuwa ladanta daga Legas yake zuwa, daga baya daga Abuja, daga kuɗin man fetur. Ko an yi girbi ko ba a yi ba, kason wata zai sauka. Sai ta juya fuskarta sama, inda kuɗi ke fitowa, ta ba talaka ƙeya. Shi ma talaka, da ya ga ba daga aljihunsa ake ɗiba ba, sai ya sa wa abin suna "kuɗin gwamnati", wato kuɗin da ba na kowa ba.

Ba ina kiran a dawo da haraji irin na da ba ne. Ina nuna inda igiyar ta tsinke. A zamanin En'e talaka yana biya ba ya tambaya don tsoro. Yau ya sami 'yancin tambaya, amma ba ya yi, don yana ganin abin bai shafe shi ba.

Abin da doka ta ɗora mata

Mutane da yawa ba su san cewa ayyukan ƙaramar hukuma a rubuce suke ba. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe ta. Jadawali na huɗu kuma ya jero aikinta: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, maƙabartu, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, fitilun titi, kwashe shara, sa wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Tana kuma da hannu, tare da jiha, a ilimin firamare da na manya, aikin gona da kiwon lafiya.

Mai karatu ya sake duba wannan jeri. Babu ɗaya da zai fito a babban labarin rediyo, amma su ne rayuwar yau da gobe. Kwalbatin da ya karye ya hana mota ɗaukar mai naƙuda, kwatar da ta toshe ta haifi sauro, aji mai yara fiye da ɗari a ƙasa babu benci, mayankar da jini ke kwarara cikin unguwa, duk a wuyanta suke.

Kuɗi kuwa ana ware mata. A tsarin rabon da ake bi, daga asusun tarayya gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Wato a kowace naira biyar da aka raba, sama da naira ɗaya ta ƙananan hukumomi ce. Matsalar tana kan hanya. Sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuɗin sai sun fara sauka a can. Nan gwamnoni suka sami ƙofa. A cire na malaman firamare, a cire na 'yan fansho, a cire na masarauta, a cire na "ayyukan haɗin gwiwa" da ba a shawarci kowa ba, abin da ya rage a miƙa wa ciyaman ya biya albashi. In gwamna bai so a yi zaɓe ba, sai ya naɗa kantomomi. In an yi zaɓen, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, kuma kusan kullum jam'iyyar gwamna ce ke kwashe komai. A Oktoban 2024 jam'iyyar NNPP mai mulkin Kano a lokacin ta cinye kujerun ciyaman 44 duka, APC mai mulkin Kaduna ta cinye 23 duka. Jam'iyyun sun bambanta, ɗabi'ar ɗaya ce.

Ciyaman da ya hau ta wannan hanya ya san wanda ya ɗora shi. Shi ya sa dattawan ƙauyenmu ba su same shi a ofis ba: yana inda ake yi masa hisabi na gaske.

Hukuncin 11 ga Yuli

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da babban lauyan gwamnatin tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da gwamnonin jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta jagoran hukuncin. Kotu ta ce gwamnoni ba su da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomi, a riƙa biyan su kai tsaye, kuma naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓen shugaba ya saɓa wa tsarin mulki. Jihohi da dama suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe don kada kuɗinsu ya maƙale. Watanni suka shuɗe ana jan ƙafa wajen aiwatar da biyan kai tsaye, wasu jihohin ma suka nemi sabbin dabarun doka na maido da kuɗin ƙarƙashin ikonsu.

Hukuncin ya yi daidai, kuma wajibi ne a cika shi. Amma mun taɓa ganin makamancinsa. A zamanin Janar Babangida an riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, aka ƙara musu shi har ya kai kashi 20, a 1991 kuma aka ɗora musu nauyin makarantun firamare. Ba a daɗe ba malamai a wurare da dama suka yi watanni babu albashi, yajin aiki ya rufe makarantu, dole a 1993 aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa. Darasin a fili yake. In an ɗauke tukunya daga gaban mai babban ciki aka ajiye gaban mai ƙaramin ciki, kuma babu mai kallo, abincin dai ba zai kai ga yara ba.

Inda ƙarfin yake

Duk wanda ya ce mutanenmu ba su iya tafiyar da al'amuransu ba, bai zauna cikinsu ba. Gayya ta girme kowace sakatariya. Adashin mata a unguwa yakan shekara goma ba a ji an cinye kuɗin kowa ba. Kwamitin masallaci yana karanta abin da aka tara bayan sallar Juma'a, har da canjin da ya rage. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da ma'aji da littafi da tara. 'Yan sintiri suna kwana a waje a kan ɗan abin da kowane gida ke bayarwa. A duk waɗannan, mai bayarwa ya san mai karɓa, yana ganinsa kullum, kuma yana da ikon tsayar da shi a hanya ya tambaye shi.

Yaƙin da aka yi da cutar shan inna ya nuna abin da wannan ƙarfi ke iya yi idan hukuma ta girmama shi. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin da ya bazu game da maganin, ba a koma ba sai a 2004, cutar kuma ta yaɗu har ƙasashen waje. Kuɗi da motoci da sanarwar rediyo ba su buɗe ƙofofin da aka rufe ba. Abin ya fara juyawa sosai bayan 2009, lokacin da sarakunan Arewa, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya, aka sauko da aikin ta hannun hakimai da dagatai har zuwa masu unguwanni. Mai unguwa ya san gidan da aka yi haihuwa jiya, ya san magidancin da sai an bi ta hannun limami, ya san wanda sai an bi ta hannun surukinsa. Matan unguwa da aka ɗauka aikin wayar da kai suna shiga har ɗaka, inda baƙo namiji ba ya shiga. An ga cutar ta ƙarshe irin ta daji a Borno a 2016, a ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita.

A ƙetaren iyaka, manoman Maraɗi da Damagaram sun ba da irin wannan shaida. Tun daga shekarun 1980 suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, suna sassabe su maimakon tumɓuke su. Abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa a matsayin nasa, ba na ma'aikacin gandun daji ba, ƙauyuka kuma suka kafa dokokinsu na hana sara. Ƙasar da ta kai kimanin hekta miliyan 5 ta sake yin itace. Magana ɗaya ce da ta kawuna: abin da mutum ya ce "nawa ne", shi yake tsarewa.

Ƙauye daban, birni daban

Ciwon ƙauye nisa ne. Ƙaramar hukuma ɗaya kan ƙunshi garuruwa da rugage masu yawa, wasu sai an yi tafiyar rabin yini a babur kafin a kai hedikwata, ma'aikatan kuma da yawansu a birni suke kwana. A nan matakin da ya fi dacewa da aiki shi ne mazaɓa. Najeriya tana da mazaɓu 8,809, Kano kaɗai tana da 484. Kowace tana da kansila, mutumin da kowa ya san gidan ubansa. An kuma tanadi kwamitin raya mazaɓa mai lura da asibitin matakin farko, da kwamitin kula da makaranta wanda ya haɗa iyaye da malamai da shugabannin gari. A wurare da yawa waɗannan kwamitoci suna nan a takarda kawai, ba a kiran taro sai baƙi masu ba da tallafi za su zo. Raya su ba ya bukatar sabuwar doka.

Ciwon birni kuwa cunkoso ne da rarrabuwar iko. Birnin Kano gari ɗaya ne, amma ya bazu cikin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ruwan sama bai san iyakarsu ba. Sharar da aka zuba a kwata a wata unguwa, gidan mutumin wata ƙaramar hukumar take cinyewa. Don haka jiha ta kafa hukumominta na shara da tsara birni da zirga-zirga, abin da yake da hujja, amma ya bar mazaunin birni bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ga sabbin unguwannin bayan gari, inda aka yanka gonaki aka sayar babu titi, babu filin makaranta, maƙwabci bai san maƙwabci ba. A irin waɗannan wurare ƙungiyar unguwa ce gwamnatin farko: ita ke tara kuɗin taransifoma, ita ke zuba ɓaraguzai a hanya, ita ke yashe kwata kafin damina. Abin da ya kamata shi ne hukuma ta yi mata rajista, ta zauna da ita kafin a tsara kasafin kuɗi, maimakon a tuna da ita sai lokacin kamfe.

Ta kowane ɓangare, akwai kujerun da suka daɗe babu kowa a kansu. Mata ne ke ɗibar ruwa, su ne ke kai yara asibiti, amma da wuya ka ga mace a zauren da ake yanke inda za a haƙa rijiya. Makiyayin da ke bayan gari da baƙon da ya shekara talatin a unguwa yana biyan kuɗin rumfa su ma abin ya shafe su. Shawarar da aka yanke babu su, ita ce ke dawowa ta zama rigima.

Abin da ke hannunka

Gyaran tsarin mulki aikin majalisa ne, cika hukuncin kotu aikin gwamnatin tarayya da gwamnoni ne. Amma akwai abin da ba sai an jira kowa ba. Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata, kuma duk mai waya da intanet zai iya dubawa. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai. Ɗalibi ɗaya a gari ya isa ya nemo adadin, ya rubuta da manyan baƙaƙe, a liƙa a bakin kasuwa. Daga nan tambaya takan zo da kanta: nawa ya shigo, nawa aka biya albashi, ina saura? Haka kuɗin da ake karɓa a kasuwa da tasha da mayanka. Duk wanda ya biya ya karɓi rasit, domin wannan shi ne ladan kuturun da ya rage, kuma da shi ake neman aski.

Fanfon ƙauyenmu dai an gyara shi a ƙarshe. Matasa ne suka gaji, suka bi gida-gida, suka naɗa wata dattijuwa ma'aji, aka yanka wa kowane gida ɗan abin da zai riƙa bayarwa bayan girbi. Sun yi abin yabo, amma rabin aikin suka yi, domin kuɗin da aka ware don irin wannan gyara sun sauka a watan da aka yi gyaran kamar kowane wata, kuma ba wanda ya tambayi inda suka shiga.

Don haka, mai karatu, kafin ka buɗe babi na gaba, nemo sunan kansilan mazaɓarka da adadin kuɗin da aka ware wa ƙaramar hukumarku a watan jiya. Ka tafi da su taron unguwa, ka karanta a gaban jama'a, ku sa ranar da za ku gayyato shi ya yi bayani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan naka ne.